Motar da Take Mutuwa a Ƙofar Gidan Baffa Hamisu

Mutum biyar wannan babi ya shafa. Na farko mahaifina, Malam Sa'idu, manomin riɗi da tumatir a wani ƙauye kusa da Gagarawa. Na biyu ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, Baffa Hamisu, wanda ya yi gida a bakin titi, gaba da Gumel kaɗan idan an nufi Maigatari. Ta uku mahaifiyarsu, Hajja, wadda take zaune a gidanmu. Na huɗu yayana Lawan, direban motar gida. Na biyar Malam Ɗanjuma, bakanike a Gumel, wanda ba ya da dangantaka da mu, sai dai hannunsa ya fi na kowa daɗewa a cikin injin motar. Ni ne Kabiru, ɗan autan Malam Sa'idu, na karanta injiniyancin kayan noma. Ina rubuta wannan domin 'ya'yan Yaya Lawan da jikokin Baffa, saboda na lura labarin ya soma rabuwa biyu: a gidanmu ana ba da shi ana dariya kamar ba a rasa komai ba, a gidan Baffa kuwa ba a ba da shi ko kaɗan. Duka biyun ba su yi wa gaskiya adalci ba.

Motar tsohuwar akori-kura ce fara, mai shan fetur, wadda ta shigo hannun Baba bayan ta tsufa a hannun wasu. Agogon da ke nuna yawan mai ya daɗe da mutuwa, don haka Yaya Lawan yana ajiye wani karan dawa a bayan kujera, da shi yake auna tanki. Kowace Alhamis ita ke kai kayanmu kasuwar Maigatari, ta bi ta Gumel, ta wuce ta ƙofar gidan Baffa. A da, Yaya Lawan kan danna ham idan ya zo wurin, yaran gidan su fito da gudu. Baba da Baffa kuma gona ɗaya suke nomawa, gonar gadon mahaifinsu, ba su taɓa raba ta ba. Da damina Baffa kan tare a gidanmu har a gama girbi.

A shekarar da fetur ya yi tsadar da kowa ya sani, ina can kudu ina bautar ƙasa. Abin da ya faru kafin in dawo na ji shi daga bakin mutum uku, kuma maganarsu ta zo ɗaya. Baba mutum ne mai tattali, ba marowaci ba, ko da yake a shekarar tazarar da ke tsakanin halayen biyu ta ƙanƙance ƙwarai. Ya yanke wa motar ƙa'ida: awo ɗaya na mai za a zuba mata kowace safiyar Alhamis, ba ƙari, ba ragi. Bayan an gama girbi, Baffa ya same shi a zaure.

"Yaya, a ba ni aron motar in kwashe riɗina zuwa Maigatari."

"Hamisu, motar nan yanzu ba ruwa take sha ba. Ka nemi amalanke."

"Amalanke daga nan har Maigatari? Ni zan zuba man."

"Ba mai kaɗai ba ne. Taya ma ci take yi."

Baffa ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "To, Allah ya bar ku da ita. Mu ga inda za ta kai ku."

Maganar fushi ce irin wadda 'yan'uwa kan yi su manta kafin a ci tuwon dare. Da ba ta zama komai ba, in ba don Alhamis ɗin da ta biyo baya ba. Motar ta tashi lafiya, ta ratsa Gumel lafiya, sai da ta hango gidan Baffa ta soma nauyi. Yaya Lawan ya taka totur, ba ta amsa ba. Ta yi tari, ta yi fizge-fizge, ta mutu a gefen titi. Baba ya sauko ya tsaya yana addu'a, Yaya Lawan kuma ya buɗe tanki ya zura karansa, ya ga mai yana nan. Ya rufe, ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Mako na gaba haka, na gabansa ma haka, kullum a tsakanin wata tsamiya da katangar Baffa. A hanyar dawowa kuwa ba ta taɓa yi ba. Malam Ɗanjuma ya canja matatar mai, ba ta daina ba. Ya canja famfon mai, ba ta daina ba. Ya sake canja su. A garejinsa motar ba ta taɓa yi masa gardama ba ko sau ɗaya. Daga nan ne mutane suka soma taya Baba lissafi: mota ba ta mutuwa sai a ƙofar mutum ɗaya, mutumin ya faɗi abin da ya faɗa, bakanike ya kasa, addu'a ce kaɗai ke tayar da ita. Ina roƙon yaran da za su karanta wannan kada su raina kakansu. Hujjojin da ke gabansa hujjoji ne na gaske, fassarar da aka yi musu ce ta karkace.

Ranar da abin ya ɓaci da bazara ne, motar na ɗauke da kwandunan tumatir da raguna biyu. Ta mutu a wurin da ta saba. Yaya Lawan ya riga ya gaji da auna tankin da kullum yake samunsa da mai, don haka ranar bai taɓa murfin ba. Baba ya yi addu'arsa, aka murɗa makulli, ba ta tashi ba. Aka yi ta murɗawa har batir ya mutu. Rana ta take. Sai ga Baffa ya fito daga gida da tulun ruwa a kafaɗa.

"Yaya, a sauke ragunan nan a kai su inuwa. Ga ruwa."

Baba bai dube shi ba. Ya ce wa Yaya Lawan, "Faɗa wa mai gidan nan mun gode. Abin da ya ba mu ya ishe mu."

Baffa ya daɗe a tsaye da tulun. Daga baya ya ajiye shi a gindin tsamiya ya koma ciki, kuma babu wanda ya taɓa ruwan. Kafin a zo da Malam Ɗanjuma daga Gumel kasuwa ta watse, tumatir ya narke, rago ɗaya ya mutu. A wurin Baba shari'a ta ƙare: ranar da Hamisu ya fito ya tsaya a kan motar, ko addu'a ba ta tayar da ita ba. Ya tara dattawa aka raba gonar gado. Baffa ya ce ba zai iya noma kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ya amsa sallamarsa ba, ya sayar da rabinsa ga wani baƙo mai fataucin riɗi.

Na dawo gida da saukar ruwan farko. Ko jakata ban kwance ba Hajja ta aika a kira ni. Ba ta faɗin sunan Baba, kasancewarsa ɗan fari, sai ta ce babban.

"Maigidana, an ce ka dawo da takardar inji. To ga kishiyata, motar nan, can a ƙofar gida, ko ka gyara ta, ko ka cinna mata wuta."

"Hajja, ko ruwa ba za a ba angon ba?"

"Ka sha a randa. Babban ya ce sai ƙaramin ya dafa Alƙur'ani a gaban mai gari, ya rantse ba shi ya ɗaure motar ba. Juma'a mai zuwa ya sa. Ni na haifi biyun nan, ban haifi mai asiri ba. Ranar da ɗaya ya rantsar da ɗaya, ku haƙa mini kabari kawai."

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce ai rantsuwa ita za ta wanke Baffa. Ba haka ba ne. Wanda aka kai gaban mai gari ya dafa Alƙur'ani a kan zargin ɗan'uwansa, ko ya fita da gaskiya, zumunci ba ya fita tare da shi. Abin da nake da niyyar hanawa ke nan.

Na fara da tambaya, ban fara da sifana ba. Inji abu uku yake bukata: iska, wuta, da mai. Motar da wutarta ta yanke mutuwa take yi farat ɗaya. Wadda take yin nauyi tukuna, ta ƙi amsa totur, ta yi tari sannan ta mutu, yunwa ce ke kashe ta. Ma'ana, man yana cikin tanki, amma ba ya isa inji da ƙarfin da ya kamata. Abubuwan da kan jawo haka sanannu ne: famfo ya gaji, ko matata ta toshe, ko tiyo ya lanƙwashe ko yana yoyo, ko wutar da ke zuwa famfon ta yi rauni, ko abin da ke daidaita ƙarfin man ya saki. Amma ba ɗaya daga cikinsu da ya san gidan Baffa. Sai na tambayi kaina: mene ne ba ya canjawa kowace Alhamis? Wurin tashi ɗaya, awon mai ɗaya, nauyin kaya kusan ɗaya. Ashe ba wuri motar take ganewa ba, nisa take ganewa.

Na roƙi Baba man gwaji, ya ba ni yana gunaguni. Muka loda buhunan yashi daidai nauyin kayan kasuwa, muka zuba awon da aka saba, muka tashi. Da muka isa Gumel na ce wa Yaya Lawan ya bar hanyar Maigatari ya ɗauki ta Sule Tankarkar. Ba mu yi nisa da gari ba ta soma nauyi, ta yi tarinta, ta mutu a gefen gonar wani bawan Allah da bai taɓa jin sunanmu ba. Na koma na faɗa wa Baba da ƙwarin gwiwa. Ya saurare ni har na gama.

"Kabiru, abin da aka ɗaura wa mota ai tare da ita yake tafiya."

Ban yi musu ba, domin a kan ma'auninsa amsar ta tsaya. Nuna masa inda laifin ba ya nan bai isa ba. Dole in kawo masa laifin a tafin hannu.

Washegari muka je garejin Malam Ɗanjuma. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu.

"A'a, injiniya da kansa. An zo a koya mana aiki ke nan."

"Aron agogon awon ƙarfin mai na zo, Malam, da aron kunnenku."

"Agogo yana nan cikin kwalinsa. Mutanenmu ba sa son awo, kowa cewa yake a canja famfo ya wuce. Amma na auna motar nan, ƙarfinta cif."

"A tsaye kuka auna ta. Ina so mu auna ta tana tafiya."

Ya dube ni, ya ce, "Wannan kuma magana ce."

Shi ya ƙara wa agogon dogon tiyo, ya fito da shi ta gefen bonet, ya ɗaure shi a jikin gilashi inda za mu riƙa ganinsa. Kafin mu tashi muka gwada wutar famfo, lafiya. Muka bi tiyo daga tanki har inji, babu yoyo, babu lanƙwasa. A nan na ga cikin tankin ya lotsa daga ƙasa. Malam Ɗanjuma ya ce ya gani tun tuni, ya ɗauka dutse ta hau. Amma babu ƙarzuwa a wurin, ko fenti bai ɗaye ba. Na riƙe wannan a zuciyata. Muka cika awon, muka kama hanyar Gagarawa mu uku, idona a kan allurar agogo. Da farko ta tsaya cak a inda ya kamata. Can sai ta soma sauka, a hankali ƙwarai, kamar inuwar bango da hantsi. Famfon da ya lalace ba ya yin irin wannan ladabi. Wani abu ne yake ƙara riƙe man a baya, gwargwadon yadda ake zuƙarsa. Na juya ga Yaya Lawan.

"Duk ranar da ta mutu, me kake fara yi?"

"In auna mai."

"Ranar ragunan fa?"

Ya yi tunani. "Ranar ban auna ba."

Da motar ta soma tari na ce ya gangara gefe, kada ya kashe ta. Na tsinci gashin zabuwa a bakin titi, na riƙe shi kusa da bakin tanki, na murɗe murfin. Sai da na sa ƙarfi kafin ya saki. Tankin ya yi wani dogon tsaki, gashin ya kuɓuce daga yatsuna ya manne a bakinsa, ƙarfen ƙasa ya yi ƙara. Daga gaba Malam Ɗanjuma ya ɗaga murya.

"Allura ta koma gidanta."

Yaya Lawan ya ce ya sha jin wannan tsakin, yana ɗauka zafin mai ne ke fita. Ba fita ba ce, shiga ce. Tanki yana bukatar iska ta maye gurbin man da aka zuƙe. Idan ba ta samu hanya ba, famfo zai yi ta kokawa da tankin har ya gaza, har ƙarfen ya lotsa ciki. A hanyar dawowa ba ta mutuwa, domin an riga an buɗe murfin, man ya ragu, iska ta yi yawa a ciki, motar kuma ba kaya. Malam Ɗanjuma ya karɓi murfin ya juya shi. Ya ce asalin hanyar iskar motar ta toshe tun kafin ta zo hannunmu, wani bakanike ya huda ɗan ƙaramin rami a murfin a madadinta. Ramin yana nan, amma an cika shi da ƙaro daga ciki, an shafe shi sumul, an kuma naɗa siririn yankin robar taya a bakin murfin domin ya kama sosai.

"Wannan ba aikin bakanike ba ne," in ji shi. "Aikin mai haƙuri ne."

Ni da Yaya Lawan muka dubi juna. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan naɗin. Da shi Baba yake ɗaure bakin gorar iri.

Malam Ɗanjuma ya fahimta, ya matsa can ya ba mu wuri. Yaya Lawan ya zaro allura daga hularsa.

"Kawo in huda. Mota ta warke, Baba ya ce asiri ya karye, ya janye rantsuwa. Ba wanda ya ji kunya."

"Baffa fa?"

"Ai ba za a rantsar da shi ba."

"Za a ce ya ji tsoron Alƙur'ani ne ya kwance abin da ya ɗaura. 'Ya'yansa za su gaji sunan."

"Kabiru, kai baƙo ne a gidan nan. Ka san abin da ake nufi da a ce wa Baba shi ne?"

Na sani. Shawarar Yaya Lawan ta tausayi ce, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Amma na sa murfin a aljihu ba tare da an huda shi ba, muka toshe bakin tankin da tsumma muka koma gida.

Na sami Baba a zaure bayan la'asar, shi kaɗai. Na zo da gwangwanin madara da ƙusa. Na huda rami ɗaya, na karkata shi a kan kofi, madarar ta riƙa ɗiga da ƙyar.

"Ka huda na biyu mana," in ji Baba. "Ko mai shayi ya san wannan."

Na huda, ta zubo. Sannan na fito da murfin na ajiye a gabansa, cikinsa yana sama. Ya dubi gwangwanin, ya dubi murfin, ya ɗauke shi ya sa farce a kan ƙaron.

"Duk lokacin da na wuce motar nan sai in ji ƙanshin mai. Na ce ashe ta nan yake guduwa."

"Yaushe kuka toshe, Baba?"

"Makon da Hamisu ya zo neman aro." Ya ajiye murfin. "Wa ya sani?"

"Ni da Yaya Lawan da Malam Ɗanjuma."

"Da ka huda ka yi shiru fa?"

"Da mota ta warke, Baffa bai warke ba."

Ya ce in tashi in ba shi wuri. Wannan ita ce doguwar magana ta ƙarshe da ya yi da ni a daminar nan. Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Idan yana son wani abu daga gare ni sai ya faɗa wa Yaya Lawan, ko ina zaune a wurin. Sai bayan girbi ya sake kirana da sunana. Abin ya yi mini ciwo, amma ko a lokacin ban yi shakkar abin da na zaɓa ba, kuma yau ma ba na yi.

Abin da nake so yaran gidajen biyu su riƙe shi ne abin da Baba ya yi da safiyar Alhamis, ba tare da kowa ya sa shi ba. Ya aika wa mai gari cewa ya janye. Ya huda ƙaron da hannunsa, sai dai bai mayar da murfin a tanki ba, ya sa shi a aljihu. Motar ta ratsa Gumel, ta wuce tsamiya ba ko tari, sai shi ya ce a tsaya. Ya yi sallama a ƙofar Baffa. Da Baffa ya fito, Baba ya miƙa masa murfin, ya yi masa bayani da bakinsa, bai rage komai ba, bai jingina wa kowa ba. Baffa ya juya murfin a hannunsa.

"Yaya, sau nawa ka kai motar nan wurin bakanike?"

"Da yawa."

"Ni sau nawa ka zo ka tambaye ni?"

Baffa ya leƙa cikin gida ya ce a kawo ruwa. Aka kawo a kwanon sha, Baba ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

"Na yafe, Yaya, duniya da lahira. Ka gaida Hajja, gobe ina tafe. Gona kuwa ta tafi."

Ya zo washegari kamar yadda ya ce, a motar haya. Yana zuwa har yau, ana gaisawa, ana cin abinci a kwano ɗaya da salla. Baba ya sha aika masa da motar ba tare da ya roƙa ba, Baffa kuwa yakan yi godiya ya mayar da ita ba kaya. Baƙon da ya sayi rabin gonar ya kafa shingen ƙaya a tsakiya, ya bi ta kan wurin da kakanmu yake ɗaure jakinsa.

Abin da aka rasa: famfon mai biyu masu lafiya, matata biyu, batir ɗaya, tumatir mota guda, rago ɗaya, rabin gonar gado, da zaman Baffa Hamisu a gidanmu kowace damina.